Reshen da Aka Ba Dona Olindina

A Ponta Mansa, idan mace ta zagaya da ke lambunta kika tsaya kina yabon wani fure, nan take za ta tuna ta bar wake a wuta. Babu wani wake. Shigewa kicin take yi ta yi ta buga murfin tukunya, don ki samu sukunin sa farce ki tsinke ɗan reshe ki cusa a ƙirji. In ta fito, ke ba ki ɗauki komai ba, ita ba ta ga komai ba, sai ku ɗora gulmar surukai daga inda kuka tsaya. Kowa ya san reshen da aka miƙa wa mutum hannu da hannu ba ya kamawa, wanda aka yi godiya a kansa kuwa tun a hanya yake fara mutuwa. Na sata ne kaɗai ke yin saiwa. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi dalili ba sai baƙi.

A wannan sana'a babu macen da ta kama ƙafar Dona Olindina. 'Yar gajeruwa ce, mai tafiya kamar tana bin bayan kaza, ta bar farcen babban yatsanta na dama ya yi tsawo da kauri, kuma ba don ado ba. Bayan ɗan gidanta na katako babu inda za ka sa ƙafa saboda gwangwanaye da tsofaffin tukwane, kowanne da tsironsa, kowane tsiro da gidan da ake nemansa. Wardin bakin ƙofa daga maƙabarta ya fito. Farin furen da ya hau taga na gidan alƙali ne. Ranar da mijinta Seu Deca ya rasu a asibitin birni, ta dawo gida da takaba da kuma wani ganye mai ɗigo-ɗigon fari da ta tsinka a bakin ofishin likita. Ta yi kukan mijinta da gaske, ba wanda zai ce ba ta yi ba, amma kafin ta zauna karɓar gaisuwa sai da ta dasa ganyen, kuma ya kama.

A Gidan Kyaftin aka haife ta, babban gidan dutsen nan mai shuɗin tagogi da ke kan tsauni yana kallon teku. Ba a ɗakunan gaba ba dai. A wani ɗaki na baya ne, jikin rumfar gurzar rogo, inda mahaifiyarta Bertolina ke kwana bayan ta gama dafa wa iyalan Fagundes, zuriyar kyaftin, abinci. Shi kyaftin ɗin ya daɗe da zama ƙasa kafin a haifi ko da Bertolina, jikoki ne da tattaɓa-kunne ke cin sunansa. Olindina ta tashi tana fere rogo da sanyin hunturu, tana kai kofi baranda, tana komawa da baya. Da ta isa aure Deca ya ɗauke ta ya sauko da ita bakin ruwa, ta shiga rayuwar matan masunta: fiɗar kifin tainya in ya shigo, saƙar leshi in teku ta hana, haihuwa a tsakani. 'Ya'yan duk sun tafi birni, masu gadin benaye da masu gyaran ɗakin otal, suna kiranta a waya ranar Lahadi su tambaye ta ko ta sha maganin hawan jini.

Tsiro ɗaya ne ya gagare ta duk tsawon rayuwarta, shi ne itacen manaka na mahaifiyarta. Bertolina ta sato shi daga lambun limamin coci tun tana budurwa, a kan hanyarta ta fitowa daga furta zunubi, ta dasa shi a ƙofar kicin na Gidan Kyaftin. Furensa yakan fito shunayya, washegari ya koɗe, kafin ka ankara ya zama fari, sai ka ga kala uku a jikin itace ɗaya. Da yamma ƙanshinsa kan gauraya da na soyayyen kifi, kuma ga Olindina wannan ƙanshin shi ne uwarta. Bayan ta yi aure ta sha tsinko reshensa ta kai gida, duk suka bushe. Bertolina dariya take yi mata.

"Ke da ƙofar uwarki kike sata? Ai naki kika ɗauka, 'yar nan. Itacen ba wawa ba ne."

Da Bertolina ta rasu, magada suka sa wa gidan kwaɗo suka tafi birni yin shari'a da juna, suka bar karnuka da ciyawa. Daga baya hukuma ta ce gidan na tarihi ne. Wata gidauniya ta zo da fenti da igiyoyi da alluna, ta ɗauki mai gadi ta ɗinka masa kaki, ta kafa kyamara a kan bishiyar gwaiba. Motocin baƙi suka fara hawa tsaunin, mutane masu jan wuya da gajeren wando suna ɗaukar hoton turmi. Olindina ta rantse ba za ta bi layi ta shiga gidan da aka binne cibiyarta ba, kuma ta riƙe rantsuwar shekara da shekaru.

Zenaide ce ta karya mata ita. Zenaide maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, ita ce kuma ta riƙe ɗan farin Olindina a wurin baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre ko da ba sa ga maciji. Ɓarauniyar reshe ce ita ma, amma ta aji biyu. Rabin lambunta daga na Olindina ya tsallako, kuma ba ta taɓa iya tsinka da kyau ba, sai ta yage ɓawon. Wata safiya ta leƙo ta kan katanga da buta a hannu.

"Komadre, kin ji labarin manakanku?"

"Wane manaka?"

"Kada ki raina mini hankali. Matar Nilton mai gadi ce ta faɗa mini a bakin coci. Wai ƙwaro ya cinye shi ta ciki, reshe ɗaya ya rage mai ganye. Bayan bikin coci za su tumɓuke shi, su kawo sabo daga birni su dasa a ramin. Ko allon ba za su canza ba."

Olindina ta ci gaba da ba gwangwanayenta ruwa kamar ba da ita ake ba. Amma ruwan ya cika gwangwani ya zubo mata a ƙafa ba ta sani ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda bai kama ta ba ko a asibiti, domin idan itacen nan ya tafi, babu sauran abin da hannun Bertolina ya taɓa da zai rage yana numfashi. Can kuma wani tunani ya zo mata wanda ya sa ta ajiye butar. Gidan yanzu ba nasu ba ne. Na gidauniya ne, da mai gadi, da kyamara, da allon da ya hana taɓawa. Tunda take ba ta taɓa samun sata mai kyan wannan ba.

Ranar da aka ware wa tsofaffin coci su ziyarci gidan, kansila ya ba da bas. Daga coci zuwa Gidan Kyaftin tafiyar da jikanka zai yi ya dawo kafin kofi ya huce ce, amma tunda bas ɗin na ɗauke da hoton kansila a jikinsa, sai da aka zagaya da su ta babbar hanya, ta gaban kasuwa, a hankali. Matan duk sun sa rigar Lahadi, kowacce da babbar jaka, kuma babu wadda ta yanke farce a makon.

Dakta Solange, shugabar gidan, ita da kanta ta tarbe su. Mace ce mai kirki, dole a faɗi wannan, 'yar birni mai tabarau a rataye da sarƙa, wadda ta yi karatu mai zurfi a kan mutanen bakin teku kuma tana ƙaunarsu ƙwarai. Ta nuna musu gadon kyaftin, da madubin matar kyaftin, da kujerar da ba a zama. Ta kai su rumfar rogo ta yi musu bayanin yadda ake gurza rogo a zamanin da, tana nunawa da hannu, ga mata a tsaye waɗanda yatsunsu suka karkace saboda gurzar. Suka gyaɗa kai da ladabi. Olindina ta zame ta leƙa ɗakin da aka haife ta, ta tarar an manna masa tayil an mai da shi banɗakin baƙi. Inda gadonsu yake a da yanzu wurin wanke hannu ne. Ta ɗan tsaya, sannan ta wanke hannun tunda ta riga ta zo.

Lambun kuwa ya yi kyau, ba za a ce bai yi ba. Ayaba ta sunkuya da nauyi, kofi ya yi ja a inuwar manyan itatuwa, furanni sun maƙale a rassa suna lilo, ga teku a ƙasa tana ta aikinta. Kowane tsiro da ɗan allonsa, da sunansa na Latin da ƙasar da kyaftin ya ɗauko shi a jirginsa. In ka bi allunan, bawan Allah bai taɓa samun lokacin tuƙa jirgi ba, yawon lambunan duniya kawai ya yi. Dakta Solange ta roƙe su da murmushi kada su taɓa komai, ta ce abin takaici akwai masu tsinkar rassa. Matan suka yi tsaki tare, suka ce duniya ta lalace, hannuwansu na ƙaiƙayi a kan jaka.

Manakan na nan a ƙofar kicin, an kewaye shi da igiya. Olindina ba ta gane shi da farko ba. Itacen da take shiga ƙarƙashinsa ta ɓuya ya koma busassun sanduna masu ramuka, sai reshe guda can gefe mai ganye kore da fure biyu, ɗaya shunayya ɗaya fari. Allon ya ce kyaftin ne ya kawo wa amaryarsa. Wannan bai dame ta ba, Bertolina ma da ta so a ce wani ne ya ɗauka. Ƙanshin ne ya same ta, ta ji kewar uwarta ta taso mata, ita da ke da jikoki masu gemu.

Zenaide ta san aikinta. Ta ja Dakta gefe ta tambaye ta da babbar murya ko gaskiya ne kyaftin yana da 'ya'ya a kowane gida na bakin ruwa, duk matan suka matsa don jin amsa. Seu Nilton mai gadi, ɗan gari ne, uwarsa ma mai lambu ce, yana ganin Olindina ta nufi igiya sai ya juya ya shiga nazarin teku kamar yau ya fara ganinta. Komai ya tafi daidai. Ta ɗaga ƙafar dama ta tsallaka, ta miƙa farce har ya taɓa reshen. Gwiwar hagu ce ta ci amanarta. Ta tafi da baya ta zauna daram a kan allon kyaftin, allon ya karye da ƙara, igiyar ta ja ƙarfen da ke riƙe da ita ya faɗi a kan dutse.

Kowa ya juyo. Ga Dona Olindina zaune cikin igiya, ƙafafu a miƙe, hannu a sama. Dakta Solange ta sa tabarau. Kansila, wanda ya biyo bas ɗinsa da mai ɗaukar hoto, ya fara maganar doka da kayan al'umma. Zenaide ta hango komadrenta a motar 'yan sanda da rigar Lahadi, hankalinta ya tashi, bakinta ya riga tunaninta.

"Dakta, ki yi mata rai. Uwarta ce ta dasa shi. Bertolina mai girki. A ɗakin can aka haife ta, inda kuke fitsari."

Olindina ta yi mata wani kallo, amma magana ta riga ta fita. Dakta Solange ta dafe ƙirji, idanunta suka ciko da hawaye na gaske. Ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar ta ɗaga ta, tana kaɗe mata riga.

"Dona Olindina, shekara nawa muna neman mutum irinki. Ke ce tarihin gidan nan. Ke da itacen mahaifiyarki, sai kin yi sata? Seu Nilton, kawo almakashi da tukunya mai kyau."

"Dakta, bar shi," in ji Olindina. "Ba na so. Santsi ne ya kwashe ni."

"Kunya take ji," in ji Dakta ga kansila. "Haka suke, ba sa iya roƙo."

"'Yata, ki ji maganata. Ki bar shi a jikin uwarsa. Ni dai ku ci gaba da zagayenku, ku ba ni wuri in huta a nan ni kaɗai."

"Mu bar ki ke kaɗai bayan kin faɗi? Allah ya kiyaye."

Seu Nilton ya daɗe bai dawo ba, ya ce bai ga almakashi ba. Dakta ta je da kanta ta ɗauko. Aka jera tsofaffin a bayan itacen, kansila ya gyara kwala ya tsaya a tsakiya, aka kawo makirfo daga bas. Dakta ta yi ɗan jawabi a kan mayar wa al'umma abin da yake nata, sannan ta kama reshen nan guda mai rai, ta datse shi daga tushe, ta soke shi a tukunya mai zane, ta ɗora wa Olindina a hannu biyu. Mai hoto ya ce a sake miƙawa, bai samu da kyau ba. Aka karɓe aka sake miƙa mata. Matan Ponta Mansa suka yi tsit kamar a bakin kabari, Seu Nilton ya cire hularsa. Dakta ta ga haka ta ƙara jin daɗi, ta ɗauka abin ya taɓa zuciyarsu ne, kuma ya taɓa ɗin.

Kansila ya kai makirfo bakin Olindina.

"To Dona, me za ki ce wa Dakta?"

"Allah ya kyauta," in ji ta.

Ya yi dariya. "A'a, Dona. Kalma biyu kawai, mutane na jira."

Ta duba hagu ta duba dama. Zenaide na girgiza mata kai a hankali. Amma ga fuskar Dakta a gabanta, tana haske da murna, tana tsaye a kan matakalar da matan Fagundes ke tsayawa. A bayan gidan nan aka raini Olindina, inda aka koya mata tun kafin ta iya tafiya cewa in na gaba sun miƙo abu, ko ƙashin kifi ne, akwai abin da ake cewa. Ta yi shekaru tana zaton ta bar wannan yarinyar a kan tsauni. Ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Na gode, Dakta."

Aka tafa. A bas kan hanyar komawa, jakunkuna da dama sun fi nauyin da suka je da shi, domin lokacin jawabi kyamara ma kansila take kallo.

Tana isa gida ta ɗora tukunyar a kan katanga, ta gefen hanya, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Ta tsaya a tsakar gida ta sanar da unguwa cewa wannan tsiro ne mai daraja, babu irinsa, kuma duk wadda ta taɓa shi za ta gamu da ita. Sannan ta shige kicin ta rufe taga ta yi ta buga tukwane. Dabarar a fili take: kyautar ta riga ta kashe shi a hannunta, amma in wata ta sace, zai tashi a matsayin na sata, ko a gidan wa. Ta haƙura da ya zama nata, ya rayu kawai. Roƙo kuma ba shi yiwuwa, don satar da aka roƙa kyauta ce da ta sake riga.

Sai dai Ponta Mansa ta zaɓi wannan ranar ta yi tausayi. Labari ya zagaya cewa tsohuwa ta rasa itacen uwarta, mata suka riƙa wucewa ta gaban katangar suna sunkuyar da kai. Matan da ba su bar furen kan bagadin coci ba, yau ga su masu amana. Washegari ganyen ya fara lanƙwasa, farin furen ya faɗi. Olindina ta leƙa ta tsagar taga ta ga tukunyar na nan, ta zagi garin da mutanen cikinsa, ta koma ta zauna.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Zenaide ce, rungume da tukunyar.

"Komadre, tsufa ya fara taɓa ki. Kin manta furen uwarki a kan katanga, garin nan cike da ɓarayi. Tun jiya nake gadinsa ta taga. Har jikar Nilton na kora."

Olindina ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke kika kore ta."

"Ni. In ban kula miki ba wa zai kula?"

"Shekara nawa kina cinye mini lambu kamar akuya, sai yau kika shiga aikin gadi."

"Ka ji mutum. A yi maka alheri."

"Ajiye ki tafi, Zenaide."

Ta ajiye a kan tebur ta fita tana jan silifa. Olindina ta zauna gaban tukunyar, ba ta da ƙarfin ko yin fushi. Shi ke nan, ita ce ta kashe shi, da gwiwarta da bakinta. Ta miƙa hannu ta juyo tukunyar don ta ga furen da ya rage, sai ta ga babu shi. Ɗan reshen gefe da ke ɗauke da shi ma babu. A gurbinsa ɓawo ne a yage, ɗanye, an ja shi ƙasa an bar zare, aikin mutum ɗaya tak a duk bakin tekun nan.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta share fuska da gefen riga, ta fita tsakar gida, ta tsaya jikin katanga.

"Zenaide. Ɓarauniya, 'yar ɓarauniya. A gidan marainiya ma ba ki bari ba."

"Ban san abin da kike magana a kai ba," in ji murya daga can.

"Allah ya sa ki bar shi a rana ya ƙone, tunda jahila ce ke, ba ki san inuwa yake so ba. Allah ya sa ki cika masa ruwa ya ruɓe, ki manta ba a sa masa ƙasar bakin teku."

"Ki sha maganinki, komadre."

Olindina ta dafa katangar tana neman wani zagin ta rasa. Daga ɗaya gefen ta ji ana jan gwangwani a kan siminti, a hankali, zuwa gindin ayaba.